Jar Motar da Ta Tare wa Baba Hanya

Mutum biyu take ɗauka, ni da wanda na ga dama. Ƙofa biyu gare ta, ja wur, ƙirar Japan, ga ta ƙasa-ƙasa har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Na saye ta a shekarar da harkar sola ta buɗe min a Batsari, bayan na kwashe shekaru ina hawa rufin mutane rana na gasa min ƙeya. Dillalin da ya kawo ta daga Legas ya ce min ba don hanyoyinmu aka yi ta ba. Na ce masa ni ma ba don wahala aka yi ni ba. Har yau idan na tuna wannan amsar ji nake kamar in mari kaina.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗinta ba. Idan na hau kwalta da sassafe na taka ta, sai in ji kujera ta manne da bayana, injin yana gurnani, ina jefa giya ɗaya bayan ɗaya har ta shida. Masu babura kan ratse gefe su bi ni da kallo. A lokacin da kowa a yankinmu yake ɓoye abin da Allah ya ba shi saboda halin da ake ciki, ni ina yawo da abin da ake jiyo kukansa tun daga bayan gari. Matata ta ce ba ta ga amfanin motar da ba ta da wurin yara ba. Na ce mata ƙauyanci ne ke damun ta.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye gaba da Tsaskiya, a ƙasar Safana. Da rani na lallaɓa na kai masa ita ya sa albarka. Ya zagaya ta sau biyu, ya dafa ta ya yi addu'a, ya leƙa ciki ya ce gwiwarsa ba za ta iya wannan durƙuson ba. Bai shiga ba. Amma daga ranar gidanmu ya zama gidan masu mota. Yayana, wanda ko keke bai taɓa saya ba, ya koma ba da labarinta a majalisa kamar shi ya ƙera ta.

Da damina ta yi tsaka, wata rana da hantsi yayan nawa ya kira ni a waya. Kububuwa ta sari Baba a idon sawu yana maimai a gonar gero. Sun ɗaure, sun ba shi maganin gida, amma ƙafar sai kumbura take yi.

"Ka taho maza, kai muke jira," in ji shi.

Ban tambaye shi dalilin jiran ba. Sai daga baya na ji cewa maƙwabcinmu mai a-kori-kura, wanda ke kai hatsi kasuwa, ya zo har ƙofar gida ya ce a sako Baba su tafi asibiti. Yayana ya hana. Wai gidan da ke da mota ba za a kwantar da maigida a mazaunin buhuna ba, me gari zai ce. Dattawa biyu suka goya masa baya, don a wajenmu abin kunya ne ɗa yana da abin hawa a ɗauki ubansa a na wani. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa Baba da ƙafarsa lafiya ma bai iya shigarta ba. Ni ma ban tuna ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne, lokacin da nake tayar da ita akwai wata 'yar murna a zuciyata, cewa yau kowa zai ga amfaninta.

Daga Batsari zuwa Safana na yi gudun da ban taɓa yi ba. Sai kwalta ta ƙare. An kwana ana ruwa, manyan motoci sun haƙe hanyar gefe da gefe sun bar tudu a tsakiya. Na yi ta rarrafe ina jin ƙasa na kartar cikinta, har na iso wani matsatsin wuri inda hanya ke gangarawa rafi tsakanin gaɓa biyu. Nan ta zauna daram a kan cikinta. Na taka, tayoyin suka yi ta juyi suna watsa laka. Duk ƙarfin nan da nake taƙama da shi rami kawai ya ƙara haƙa mata. Waya kuma babu sabis.

A can gida, da Inna ta ga rana ta take ban iso ba, sai ta yafa mayafi ta ratsa ta gaban dattawan ta je da kanta ta roƙi maƙwabcin. Ina tsaye cikin taɓo har gwiwa na ga a-kori-kurar ta ɓullo daga ɗaya gaɓar ta tsaya. Babu ta inda za ta wuce. Motata ta toshe hanyar gaba ɗaya.

Na haura na leƙa. Baba yana kwance a kan katifa, kansa a cinyar Inna, ƙafar ta yi baƙi ta cika fam, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Yayana ya kasa haɗa ido da ni. Manoma suka fito daga gonaki da sanduna da itatuwa don a ɗage motar gefe. Na yi ta ihu ina cewa su kinkime ta ko ta yaya, su jefa ta rafin ma idan sun so. Sai Baba ya ɗago hannu ya yafito maƙwabcin, muryarsa can ƙasa.

"Ku bi ta sannu, kar ku kwarzane mashi ita. Ya sha wuya kahin ya same ta."

Maganar dattijo ce, kuma yana kwance, ba mai iya tsallake ta. Na yi magiya, babu wanda ya saurare ni. Suka tuɓe rigunansu suka nannaɗe itatuwan, suka tona ƙarƙashinta da fartanya a hankali, suna shawarar inda za a kama da inda ba za a kama ba. Ina kallon inuwar gaɓar tana tsawo.

Sai bayan la'asar muka isa asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta tambayi lokacin da aka sare shi, na faɗa mata. Sun yi masa allura, sun yi iya ƙoƙarinsu. Washegari kafin azahar Baba ya cika.

Bayan sadakar uku aka sa shanun huɗa suka jawo min motar zuwa bakin kwalta. Na zagaya ta ina dubawa, ina fata in ga ko da ɗan tabo ne. Ko kwarzane ɗaya babu a jikinta.