Askirim ɗin Kakana da Ƙanƙarar Damina

Jiya a Tina Junction, nan Jos, na ji hon ɗin mai askirim, irin masu yawo a keke ɗin nan, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Kakan nawa kuku ne na wani Bature a zamanin haƙar kuza, kafin tsufa ya zaunar da shi a gidanmu na Laranto. Yakan ba mu labari cewa ya sha yin askirim da hannunsa, ba lantarki, ba firji. A cewarsa ma, sarakunan wata ƙasa mai nisa ne suka fara shansa, ana ɗauko musu ƙanƙara daga kan duwatsu a guje kafin ta narke. Wannan kam ban san gaskiyarsa ba. Abin da na sani shi ne, babu wanda ya yarda da shi a gidan. Baffana yakan yi murmushi ya ce, "Baba ke nan," matan gida su ƙunshe dariya. Abin ya ci wa tsohon rai, har ya daina ba da labari gaba ɗaya, ya koma zaman shiru a zaure.

Wata rana a farkon damina, bayan la'asar, aka sako ruwa da ƙanƙara. In ka taɓa zama a Jos ka san yadda take dukan kwanon rufi kamar ana jifa. Tsakar gida ta yi fari fat. Sai ga tsoho a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga.

"Ku kwaso mini ita a bokiti, kada ku tsaya."

Muka kwasa, yatsunmu na zugi. Ya sa innata ta kawo madarar shanun da ta dafa da safe, ya kaɗa ta da sukari da ƙwai, ya zuba a gwangwani ya rufe. Ya binne gwangwanin a cikin ƙanƙarar, ya barbaɗa gishiri mai yawa. Kakata ta ce, "Malam, gishirin miyata ne fa." Ya yi ta juya gwangwanin, yana buɗewa yana kankare gefensa da cokali. Ya hana kowa taɓawa.

Da ya buɗe a karo na ƙarshe, madarar ta daskare. Ya fara miƙa wa Baffana. Baffa ya sha, sannan ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mana haƙuri." Mu yara cokali ɗai-ɗai muka samu. Kakata, wadda kullum take cewa kayan sanyi limoniya suke kawowa, biyu ta sha.

Washegari zaure ya cika, har da maƙwabta, tsoho ya ci gaba da labarinsa daga inda ya tsaya.

Yau 'ya'yana robar askirim guda suke buɗewa a gaban talabijin, su bar saura ya narke, ba na kuma yi musu faɗa. Abu ɗaya na kafa a gidana: in dattijo ya fara labari, ko bai yi kama da gaskiya ba, a kashe talabijin a jawo masa kujera.