Rabe Mai Guduma da Madubin Sa'adatu

Duk direban da ya taɓa lotsa mota tsakanin Dayi da Malumfashi ya san Rabe. Shekara talatin yana bugun jikin mota a bakin titi: ya shafa lotsawar da tafin hannu, ya zagaya ta baya, ya bi ta da ƙaramar guduma har ta miƙe. Ga shi da surutu kamar rediyo, amma akwai tambaya ɗaya da ke kashe masa baki.

Tun da ya bar 'yarsa Sa'adatu ta tafi ƙasar waje karatun injiniya, mahaifiyarsa Inna ta ɗauke wa yarinyar wuta. Ko waya aka miƙa mata sai ta kau da kai. "Aikin me take yi a can? Faɗa min, sannan in sa mata albarka." Shekara biyar Rabe na kame-kame. Abin na ci masa rai ƙwarai, ga tsohuwa yau lafiya gobe ciwo.

Wata Talata da hantsi Sa'adatu ta kira cike da murna. "Baba, madubinmu ya motsa!" An harba musu, ita da abokan aikinta, tauraron ɗan'adam, ɗan mitsitsi, bai fi kwalin taliya ba, da madubi mai laushi a cikinsa. Ta ce zafi da sanyin sama kan lanƙwasa madubin hangen taurari, hoto ya fito dishi-dishi. Nasu kuwa yana da 'yan sanduna fiye da ɗari a bayansa, suna tura shi kaɗan-kaɗan har hoto ya daidaita. Yau suka aika umarni daga ƙasa, ya bi.

"Tsaya. Ta baya kuke turawa?"

"Ta baya, Baba."

Ko rumfar aikinsa Rabe bai rufe ba, ya haye babur, guduma a aljihu, yana dariya shi kaɗai. Yana shiga gida ya zari tiren silbar Inna, ya lotsa shi da gwiwa a gabanta.

"Rabe, ƙalau kake kuwa?"

Ya kifa tiren, ya bi bayansa da guduma, ya goge da hannun riga, ya riƙe mata saitin fuska. "Inna, abin da take yi ke nan. Sai dai nata yana sama, kuma daga ƙasa take gyara shi."

Inna ta daɗe tana kallon fuskarta a tiren. "Ashe duk nisan nan sana'ar ubanta ta tafi yi." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kira min ita yanzu, tun ina da bakin magana."