Ni Na Sa Ɗan'uwana Ya Ɓoye Sirrin Birkinsa

A wancan lokacin ina aiki a wani ofishin rubuta takardu a unguwar Rusaifa. Haifaffen Makka ne ni, Larabci a bakina kamar ruwa, kuma duk maganar hukuma sai dangi sun biyo ta hannuna. Na saba da wannan girma har na ɗauka gadona ne.

Sai ɗan ƙanin babana ya zo daga Sakkwato yana walda a shagon wani a unguwar Mansur. Da ya ga yadda keken tura tsofaffin alhazai ke ƙwacewa a gangara, ya ƙera birkin da ke kama kansa da zarar mai turi ya saki hannu. A gabana babana ya dafa kafaɗarsa ya ce ga wanda ya gaji kakanmu maƙeri. Wallahi ranar ban taya shi murna ba. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba.

Da ya tashi neman takardar mallakar ƙirƙira, wurina ya zo yana kirana Yaya, ya ce in rubuta masa bayanin. Na san ƙa'idar sarai: dole a fayyace komai, yadda duk gwanin sana'ar zai iya ƙera abin daga rubutun kaɗai, ya kuma yi aiki. Amma sai na tuna masa cewa maƙerin gidanmu ba ya buɗe wa bare sirrinsa. Na ce mu bar maganar ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke cije tayar, kada injiniyoyi su kwashe. Ya yi ta godiya.

Hukuma ta ƙi, ta ce bayanin bai cika ba. Muka ɗaukaka ƙara, ni ne ma tafintansa. Ya tura keken a gaban kwamiti, ya saki, birki ya kama cak. Wani injiniya ya ce wannan kam yana aiki, amma duk wanda ya bi abin da ke takarda, keken da zai ƙera gudu zai yi da tsohuwar da ke kai. Ɗan'uwana ya roƙi a bar shi ya ƙara bayanin, aka ce ba a cusa sabon abu bayan an shigar. Sake nema kuma babu hali, don birkin ya riga ya bazu a unguwa, ya daina zama sabon abu a idon hukuma. Da bakina na fassara masa hukuncin.

Yau masu walda na ta kwaikwayon birkin, shi kuwa yana nan a shagon ubangidansa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to tawa ƙone shukar ta yi, ni ma ban girbi komai ba. Mai ƙirƙira, kada ka rage komai a takardarka. Kai kuma da aka kawo wa amana, in ka ji zuciyarka na zafi, ka ce a kai wa wani. Ni ban faɗa ba, ga shi bara da aka yi masa haihuwa sunana ya sa wa yaron, wai ni kaɗai na tsaya masa.