Ɗakin Gonar Gogo Hamsatu

A gyara zama, masu hula su karkata ta, ga Injiniya Yuguda na Gashuwa, likitan bango, ungozomar azara, wanda bai taɓa shiga aji ba sai ranar da aka kira shi ya toshe yoyon rufinsa.

Magini ne, amma na gyara. Kayan aikinsa diga, igiya, da harshensa. In aka kai shi gaban katanga, sai ya ɓanɓaro ƙasa ya ɗora a harshe. In ya tofar, akwai kanwa, kuma a ƙasar nan kanwa ke cin gindin gini tun kafin gara ta samu labari.

Shekarar casa'in da huɗu, bayan ruwan kogi ya janye, ɗakin gonar Gogo Hamsatu ya sunkuya kamar tsoho mai neman takalminsa. Nan ake ajiye gero da garmuna. Mijinta, marigayi Malam Laminu, shi ya gina shi, shatin yatsunsa na nan a yaɓen ciki, biyar-biyar, har bayan ƙofa. Ba ta ɗaukar fartanya sai ta ɗora tafinta a kai.

Ɗanta Rabe, mai shagon atamfa a Nguru, ya riga ya yi nasa taimakon: ya sa an shafe bangon da siminti ta waje, fes, har masu wucewa na tsayawa kallo. Yanzu kuma ya ce a rushe, a sa bulo da kwano. Gogo ta ce sai dai a rushe da ita a ciki. Aka daidaita a ba Yuguda zuwa ruwan farko. In bango bai tsaya ba, bulo.

Yuguda ya ƙwanƙwasa simintin, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya ɓalle kaɗan, ƙasar ciki ta zubo a jiƙe. Ya ɗanɗana, ya tofar.

"Alhaji, mai zazzaɓi ka sa wa rigar leda. Gumi ya rasa hanya, ya koma ciki."

Rabe ya ce simintin fa daga Kano aka kawo shi. Yuguda ya ce kanwa ba ta tambaya.

Ya tokare rufin da gofofi, ya zare azara biyu da gara ta rarake, ya maye su da sababbin na giginya. Sai harsashi. Kamu ɗaya yake haƙawa, ta waje kawai, yana kwance a gefensa don kada yaɓen ciki ya motsa. Ya cusa ƙonannen tubali, ya cike da yumɓu, ya bar shi kwana uku ya bushe kafin ya matsa gaba. Rami bakwai ya lasa kafin ya yarda da yumɓun, aka riƙa kawo shi a jaki. Rabe kuwa duk Juma'a yana dira daga a-kori-kura, ya tsaya yana ƙirga gajimare. Gogo ta kawo fura, ta ce ko za a ɗan hanzarta. Yuguda ya ce bango ba ya jin gaggawa.

Ruwa ya sauko da la'asar, kamun ƙarshe na da kwana biyu kacal. Har magariba ana zubawa. Da safe Yuguda ya saki igiya da dutse a jikin bangon, ta kwanta daidai. Gogo ta shiga, ta ɗora tafinta, ta daɗe ba ta fito ba. Bulon da Rabe ya riga ya sauke, kaji aka yi wa akurki da shi.

Yau shekara goma sha uku. Gari ya koma bulo, ba mai kiran Yuguda, harshen nan sai shayi yake ɗanɗanawa. Gogo ta riga mu gidan gaskiya, amma ɗakin na tsaye, kuma an ce an ga Rabe yana ɗora tafi a bayan ƙofa.

Da na sami Yuguda a gindin darbejiya na karanta masa wannan duka, har da kirarin, sai ya ce:

"Azara uku ce, ba biyu ba. Matsa, ka tare min iska."