Sunan Na'urar da Ta Mutu

A ƙarshen shekarun casa'in ina sakatariya a wani furoje, wato shirin raya karkara, na gyaran lambunan kwari a Gure. Wani ma'aikaci ya zo daga Yamai ya haɗa ordinatocinmu biyu, wato kwamfutoci, tawa da ta shugabanmu, da layin tarho, don mu riƙa tura rahoto ba sai mun jira mota ba. Kowace ya ba ta suna da kalmar sirri, ya ce ni zan riƙe.

"Madam, sunan nan na na'ura ne, ba na mutum ba," in ji shi. Na ce to, ban dai gane ba. Ya hau mota ya tafi.

Da farko lafiya lau. Na'ura ta kira Yamai, ta yi ta ƙara kamar ana wasa wuƙa, in buga suna da kalma, rahoto ya wuce. Sai ta shugabanmu ta ƙone. Aka sayo wata wajen wani Alhaji mai kanti da ke kawo kaya daga Kano. Shugaba ya tambaye ni, "Wannan za ta gaji sunan waccan, ko sai an raɗa mata sabo?" 

Na sa mata tsohon sunan, ta ƙi. Na kira Yamai, ma'aikacin nan ya ce, "Gwada yanzu ina ji." To layin ɗaya ne, muddin ina magana na'ura ba ta kira. In ajiye, in gwada, ta ƙi, in sake nemansa a ce ya fita. Kalmar kuwa ba a ganinta, taurari kawai ke fitowa. Ya yi ta sauya mini ita, har na daina sanin wacce ce ta yanzu.

Ranar Alhamis, shugaba na tsaye a kaina, na sake gwadawa, na tabbata na buga kuskure. Sai ta buɗe.

"Me kika yi?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban sani ba."

Daga baya mutumin Yamai ya ce wataƙila jerin haruffan da ke kan maɓallan na'urar Kano ne ya bambanta da namu na Faransanci. Wata rana kuma ya ce layi ne. Ni dai na ci gaba da buga kuskuren nan yadda yatsuna suka riƙe shi, tana buɗewa, har furojen ya tashi.