Ranar da Na Wanke Mindar Baba

Wata Alhamis ce cikin kaka, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Shekarata goma sha ɗaya ko kusa da haka. Ina durƙushe a bayan rumbu, inda muke wanke-wanke, gabana toka da yashi da jiƙaƙƙiyar tsamiya a ƙwarya, ina goge lambobin yabon soja na mahaifina, waɗanda shi yake kira minda. Guda uku ne. Biyu taurari ne na tagulla masu tsini shida, ɗaya kuma zagayayyiya ce ta azurfa, mai nauyi, da kan wani Bature a jikinta. Da safe ya miƙo mini su cikin tsumman da yake ƙulle su, ya ce, "Uwani, wanke mini su, gobe zan fita da su." Bai taɓa barin wani ya riƙe su ba sai ran nan. Taurarin ba su ba ni wuya ba. Ta azurfar ce ta ƙi. Fuskarta ta yi fes, amma a kaurin bakinta, zagaye, akwai wasu ƙananan tsage-tsage da baƙin datti ya cika. Na sa tsinke, na sa farce, ya ƙi fita. Sai na ɗauko dutsen da Inna take wasa wuƙa, na jiƙa shi, na yi ta gurza bakin ina juyawa, tun hantsi har aka kira azahar. Da na gama babu tsaga ko ɗaya. Sumul, kamar bakin sabuwar tasa.

Na same shi a bakin zaure yana tufka igiyar rama, don tun ina goye idonsa ya mutu, igiya ce sana'ar da ta rage masa. Na zuba masa su a tafin hannu. Ya shafa taurarin ya ajiye. Ya ɗauki ta azurfar, ya zagaya bakinta da babban yatsa sau ɗaya, ya sake zagayawa, ya kuma sakewa.   Can ya ce, "Kin wanke ta tas, Uwani. Allah ya yi miki albarka." Na fita da tsalle, na je na gaya wa ƙawayena Baba ya sa mini albarka.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a gefen Balan, ƙasar Gaya. Gida bai fi ashirin ba, rijiya ɗaya, kuka biyu. Gidanmu ɗaki biyu ne da rumbu da turken awaki. Mu uku ne a ciki: Baba Sale, Inna, sai ni. An haifi wasu kafin ni da bayana, ba su zauna ba. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa ɗaga mini murya ba. Tunda babu ɗa namiji a gidan, aikin namiji da na mace duk a kaina yake. Da asuba in ja guga har tafin hannuna ya yi kanta, in share tsakar gida, in kora awaki, in dawo in taya Inna surfe. Da damina ni ke bin bayanta da ƙwaryar iri tana saran rami ina zubawa ina takewa. Da kaka mu tuge gyaɗa, mu tsinke, mu shanya, in an gama in bi gonakin mutane ina roro da ɗan kwando. Boko ban yi ba. Allo na ɗan yi, har aikin gida ya ci lokacin. In na sami sarari da la'asar mukan yi carafke da 'yar gala-gala a gindin kuka, ni ce gwana, don hannuna ya saba da sauri.

A gindin kukar nan nake jin abin da ake faɗa a kan Baba. Kowa ya san ya gudu daga gida yana saurayi, ya yi shekaru ba labari, har aka yi masa sadaka, sannan ya dawo da takalmin soja da tari. Shi ya ce yaƙin Bama ya je, ƙetaren teku. Takardarsa ta sallama ta ƙone shekarar da gobara ta ci ɗakin Inna. Ba shi da abokin tafiya a duk yankin da zai ce na gan shi. Labari ɗaya tak yake bayarwa, shi ma sai an matsa: ya goya wani mai rauni ya haye kogi da shi ana harbi, don haka aka ba shi ta azurfar. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Tanko wanzami, sa'ansa ne kuma abokin wasansa, shi ya fi kowa taɓa shi. In ya zo aski sai ya ƙame ya sara masa da aska a hannu: "Soja, yau mutum nawa ka goya?" Ko ya juya wajen mutane ya ce, "A kasuwar Kurmi ma na ga irin ƙarafan nan an zuba a faifai, kusa da masu ƙararrawar jaki." A yi ta dariya. Baba ya ce, "Yi askinka, Tanko, kada ka yanke ni." Yara suka ɗauka. In na ci su a carafke sai su ce 'yar mai goyo ta ci. Na fasa wa yarinya biyu baki a kan haka. Ni na yarda da ubana, ko duk garin zai ƙi.

Washegarin wankin, Juma'a, na tashi da ɗoki. Inna ta wanke masa farar rigarsa tun jiya. Amma aka tafi masallaci aka dawo, Baba yana zaune da tsohuwar taguwarsa yana tufka, ya ce ƙafa ke damunsa. Sai ga Tanko da mutane wajen goma a ƙofar gida, da wani saurayi mai wando da biro a aljihu, sabon malamin firamaren da aka kawo. Ina bayan danga ina leƙe. Tanko ya ce, "Soja, ga malamin nan na kawo maka. Kai ka ce akwai rubutu a jikin ta azurfar, a zo a karanta a gaban kowa. To, fito da ita, in gaskiya ce yau in cire hulata." Na ce a raina yau za su sha kunya, don ga rubutu nan manya-manya kewaye da kan Baturen, na goge shi yana walƙiya. Baba bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza rama a cinyarsa. Ya ce, "Malam ya yi haƙuri, an wahalar da shi. Gaskiyarka, Tanko. A Kurmi na saye su."

Ba wanda ya yi dariya. Tanko ma ya sosa ƙeya ya juya. Aka watse.

Ni kuwa wani abu ya mutu a cikina ran nan. Ban tambaye shi ba, yaro ba ya tambayar uba irin wannan. Na daina zama kusa da shi in yana tufka. Na daina jan sandarsa zuwa masallaci sai Inna ta yi mini tsawa. In na kai masa tuwo in dire in tafi. Yakan ce, "Uwani, zauna mana," in ce awaki suna jirana. Na daina faɗa da yara, me zan kare? Daminar shekarar ta yanke da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba, rumbu bai kai rabi ba. Muka koma tafasa da rama da dusa. Baba yakan ture kwanonsa gabana ya ce ya ƙoshi, ni kuma in cinye ban ce na gode ba. Kafin ruwa ya sake sauka tarin ya kwantar da shi, ya rasu. Mata suka cika gida suna kuka. Ni ban yi ba. Aka ce yarinyar nan zuciyarta dutse ce. Ban musa ba.

Sauran rayuwata ba doguwar magana ba ce. Na yi aure a Ajingi. Na haifi tara, na binne biyar. Na binne Inna, na binne miji. Na yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa shekara talatin ina kaiwa kasuwa har gwiwa ta ƙi. Tsumman Baba yana ƙasan adakata, ƙarƙashin zannuwa. Ban jefar ba, ban kuma buɗe ba. In jikoki suka tambaye ni kakansu, in ce makaho ne mai tufka igiya. Iyakar abin da nake faɗa ke nan.

Bara, bayan ƙaramar salla, ɗana Habibu mai tuƙa bas tsakanin Ajingi da Kano ya shigo da baƙo. Ya ce fasinjansa ne, Malam Nasiru, aikinsa bin ƙauyuka yana neman mindodin tsofaffin sojoji, yana ɗaukar hotonsu, yana bincika na waye, don a rubuta sunayen mutanenmu da suka je yaƙin nan kafin a manta da su. Habibu ya taɓa leƙa cikin tsumman yana yaro, shi ya gaya masa. Mutumin ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ina wuni." Na ce, "Ban je ba tukuna. Ce mini Iya." Na ce masa kada ya ɓata lokacinsa, na kasuwa ne, mai su da bakinsa ya faɗa. Ya ce duk da haka a ba shi ya gani.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma. Ya fito da ɗan ƙaramin sikeli, da maganaɗisu, da gilashin da ke ƙara wa abu girma. Ya duba taurarin ya ce na gaske ne, amma irinsu ba a rubuta sunan kowa a jiki, duk wanda ya je an ba shi, don haka ba sa shaidar mutum. Da ya ɗauki ta azurfar sai ya gyara zama. Ya kanga mata maganaɗisu, ba ta kama ba. Ya auna ta. Ya ce azurfa ce ta gaske, kuma wannan ba a ba kowa, sai wanda ya yi abin jarumta a fagen fama. Sannan ya juya ta a tsaye, ya sa gilashi a bakinta, ya zagaya. Fuskarsa ta canja. Ya ce, "Iya, irin wannan, sunan mai ita da lambarsa ta soja da rundunarsa ana buga su ne a nan, a kaurin baki, da ƙananan haruffa. Wani ya gurje su da dutse. Ki yi haƙuri, a wajenmu in muka ga haka, yawanci ta bi ta hannun ɓarawo ne."

Na dubi yatsansa a kan bakin nan mai sumul. Sai na ga yatsan Baba. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

Na ce, "Ba ɓarawo ba ne. Ni ce." Habibu ya ce, "Iya, me kika ce?" Na ce ya yi mini shiru. Na ba su labarin Alhamis da na Juma'a, ban rage komai ba. Malam Nasiru ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. Makaho ba ya karatu, amma Baba ya san inda sunansa yake. Shekara da shekaru yana shafa shi da yatsa, shi ne shaidar da wuta ta bar masa. Na shafe shi cikin wuni ɗaya, ya sa mini albarka. Da ya fito da ita ran Juma'a, da sai an tambayi wanda ya goge, da garin nan sun bi ni da ita har kabarina: ga yarinyar da ta kankare sunan ubanta. Sai ya zaɓi ya zama maƙaryaci a gaban Tanko. A gabana ni ma.

Malam Nasiru ya yi ƙoƙari. Ya yi wata uku yana duba jerin waɗanda aka ba irin wannan minda, ya dawo da kansa ya ce bai ga Sale daga Gaya ba. Ya ce kada in ɗauka wani abu, samarin da suka gudu daga gida sukan shiga soja da wani suna da wani gari, don kada iyaye su biyo sahu. Wataƙila sunan Baba yana cikin jerin, ya wuce ta kansa da ido bai sani ba. Da akwai ko rabin lambar, da ya gano. Ya sake sa gilashi, ya haska fitila ta kowane gefe. Babu. Na iya aiki tun ina yarinya. A littafinsa ya rubuta cewa minda ta gaske ce, ba a tabbatar da mai ita ba. Ya nemi in sayar ko in ba da ajiya. Na ce a'a.

Na sa Habibu ya kai ni ƙauyenmu. Kuka ɗaya ta faɗi, an kafa famfon tuƙa-tuƙa inda rijiya take, gidanmu ya zama gonar wani. Tanko ya daɗe da rasuwa, duk waɗanda suka tsaya a ƙofar gida ran nan sun tafi. Ba wanda ya rage da zan gaya wa. Maƙabartar ma ta baje, ban gane nasa ba. Na tsaya a tsakiya na yi masa addu'a, na yi kukan da ban yi ba shekara hamsin.

A da ina da uba a bakin zaure yana cewa in zauna, ina cewa awaki suna jirana. Yanzu ba awaki, ba aikin da ke jirana, sai zama. Na fito da tsumman daga adaka, yana ƙarƙashin matashina. Jikoki sun san kakansu ya goya mutum ya haye kogi, ni na gaya musu, kuma na gaya musu wadda ta goge shaidar. Idona ni ma ya fara hazo. In na idar da salla nakan ɗauko ta in zagaya bakinta da yatsa, ko zan ji saura. Sumul take. Na wanke ta tas.