Dashen Mangwaron da Maigidana Ya Raka

Tsufa ya fara kwashe mani abubuwa da yawa, amma bai iya kwashe ranar da maigidana ya hau motar dashe ya tafi ba. Sunana Laraba, tsohuwar leburar ban-ruwa a gandun renon itatuwa na nan Batsari, wanda muke ce wa nasari. Ban yi karatu ba. Malama Hauwa ta ofis na roƙa ta rubuta mani, domin ku da kuka zo aikin a bayanmu ku ji. Na ce mata in na yi shiru ta jira ni, kuka ne, zai wuce.

Ga yadda aikin yake a lokacinmu. Malamin daji ne babba, namu sunanshi Malam Hamisu. Ƙarƙashinshi akwai hedima, shugaban leburori, sai mu leburori. Mu mata muke haɗa ƙasa da yashi da taki mu cika baƙar leda, mu sa iri, mu riƙa ban-ruwa safe da yamma tun daga rani. Maza ke auren mangwaro, wato a yanko reshen mai daɗi a ɗaura shi a kan na gida har su kama juna. Hedima shi ne maigidana. Sunanshi Iliya. Tun da aka kai ni gidanshi bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, yau na faɗa don a rubuta. Mu biyu da amininshi Ayuba, dattijo a cocinmu, mu kaɗai ne Kirista a wurin. Lokacin salla mu riƙe wa sauran bokiti, ranar Lahadi su riƙe mana.

Aikin yana da doka biyu. Ta farko, dashe ba ya jira. Da damina ta zauna sai a raba shi, domin in ya shekara a nasari saiwa za ta huda leda ta kama ƙasa, in an cire shi ya mutu. Ta biyu, ba a binne dashe da ledarshi, sai an yanka ta da reza an cire. Wannan kamar kowa ya sani, amma ba kowa ba. Wata shekara mutanen wani ƙauye da ke bayan Babban Duhu, a ƙasar Safana, sun karɓi dashe suka binne shi da leda, wai don ta riƙe mashi laima. Saiwa ta yi ta nannaɗewa a ciki har ta shaƙe kanta, ko ɗaya bai tashi ba. Maigidana ya je ya tono guda, ya zo da saiwar a dunƙule kamar hannun jariri, ya rataye ta a rumfarmu. Daga nan mota ba ta sake fita da dashe ba sai yana bisanta.

A shekarar da nake ba ku labari, mutanen ƙauyen nan suka sake neman mangwaro. Lokacin hanya ta riga ta lalace, 'yan bindiga na tare mutane da rana tsaka. Malam Hamisu ya kira maigidana a gabanmu ya ce, "Iliya, bana ba rakiya. Direba ɗan yankin ne, ya ce zai kai. A gaya mashi ya faɗa masu su yanka leda."

Maigidana ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon ma faɗa masu aka yi."

Malam Hamisu ya dubi saiwar da ke rataye, ya ce, "Ni dai ban aike ka ba. Kuma ba ni da igiyar da zan ɗaure ka."

Da azahar, sauran sun tafi salla, muka zauna mu uku a rumfa. Ayuba ya daɗe yana cewa ƙarshen duniya ya zo, tun da aka hana shi gonarshi da ke bakin daji. Ya ce, "Iliya, kai ma ka san alamun da aka ba mu. Yaƙi, labarin yaƙi, yunwa, ɗan'uwa yana sayar da ɗan'uwanshi. Wanne ne bai cika ba? Ubangiji Yesu yana bakin ƙofa. Mangwaron nan da kake son kaiwa, wa zai zauna ya sha?"

Maigidana ya ce, "Kai da ka san duniya za ta tashi, me ya sa ka yi wa ɗakinka sabon rufi?"

Ayuba ya ce, "Yoyo yake yi. Ba a ce in jira Ubangiji a jiƙe ba."

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Maigidana ya ce, "An ce ko mala'iku ba su san ranar ba, balle kai da ba ka san lokacin da akuyarka za ta haihu ba. In gobe zai zo, gara ya iske ni da reza a hannu."

Nan Ayuba ya daina wasa. Ya ce, "To bar wannan. Allah ya ba ka hankali, ya ba ka zaɓi. Wanda ya ga wuta ya shiga, gwada Allah ya yi."

Maigidana ya ce, "Kwanakina a ƙidaye suke tun ban zo duniya ba. Allah yana da nufi a kan kowa. In ranar ce, ko ƙarƙashin gado na shiga za ta iske ni."

Ayuba ya ce, "Haka masu taurin kai suke faɗa. Ku yi abin da kuka ga dama, ku ɗora wa Allah."

Sai na sa baki na ce wa maigidana, "Malam, ka nuna wa direba a nan, ka ba shi rezar."

Ya ce, "Laraba, wa ya ɗebo ruwan da ya reni dashen nan tun daga rani?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "To wahalarki ba za ta tafi a banza sau biyu ba."

Washegari da hantsi muka loda dashen. Ya hau bayan mota ya zauna a tsakiyarsu, ya ce in ajiye mashi tuwo. Sun isa lafiya, sun sauke, ya yi abin da ya kai shi. A hanyar dawowa aka tare su. Direba ya faɗa daji da rauni a ƙafa, ya tsira. Maigidana kuwa sai washegari aka kawo mani shi a lulluɓe da tamfol ɗin da muke rufe dashe. Malam Hamisu da kanshi ya je ɗauko shi, kuma bai bar gidanmu ba har aka binne shi. Tuwon nan ya kwana uku a kwano, na kasa zubarwa, sai maƙwabciyata ta ɗauke.

Masu gaisuwa suka kasu biyu. Wasu su ce, "Nufin Allah ne, Laraba, ki yi haƙuri." Wasu su jira sai sun kai zaure su ce, "Ai shi ya kai kanshi." Duka biyun sun ci mani rai. In nufin Allah ne, to Allah ne ya tare hanya ke nan? In kuwa shi ya kai kanshi, to mijina ya mutu a wawa ke nan? Da na fita zaman makoki na je wurin Fasto na ɗora mashi tambayar yadda take.

Ya ce, "Mama, Allah ba ya ƙaga mugunta. Wanda ya harba shi ya zaɓa, kuma zai ba da amsa ranar shari'a. Baba ma shi ya zaɓa, kuma alheri ya zaɓa. Allah ya san duka biyun tun farko, bai ƙwace wa kowa zaɓinshi ba, kuma nufinshi bai faɗi ƙasa ba."

Na ce, "Ta yaya? In ya sani, me ya hana shi ya kashe motar a hanya? Motar nan kullum sai an tura ta, ranar kuwa ta tashi da kanta."

Ya ce, "Na yi karatu a kan wannan, na ji malamai na gardama, ban ga wanda ya kai ƙarshenta ba. Abin da na riƙe shi ne, in Ubangiji ya dawo zai ta da matattu, ya share hawaye, mu gane abin da ba mu gane ba."

Na ce, "Fasto, ni ba ranar ƙarshe nake tambaya ba. Yau nake tambaya. Yau in na koma ɗakin nan ba kowa."

Ya sunkuyar da kai. Sunkuyawar nan ta fi shiga raina a kan duk abin da ya faɗa.

Na koma aiki, domin dashe bai san makoki ba. Ayuba kuwa bai dawo ba. Ya zauna a ƙofar gida ya ce jira yake yi. Ba a daɗe ba ƙauyen can ya watse, mutanenshi suka kwararo Batsari da tabarmi a ka.

Bayan wasu shekaru, ina dab da barin aiki, wani dattijo ya shigo nasari da buhu a kafaɗa yana tambayar matar hedima. Ya ce sunanshi Malam Idi, daga ƙauyen yake, ya saci jiki ya je duba gidanshi. Ya ce, "Iya, gidajenmu sun zube, masallaci ba rufi. Amma itatuwan suna tsaye. Mijinki bai bar kowa ya tafi ba sai da ya yanka leda a gabanshi, har mai gari sai da ya durƙusa ya yanka."

Na ce, "Wa ke sha?"

Ya kau da kai ya ce, "Birai. Da waɗanda suka kore mu."

Ya buɗe buhun, mangwaro ne manya. Na kasa kai ko ɗaya bakina. Abin da ya tsaya mani shi ne, wataƙila wanda ya harbe shi yana zaune a inuwar, yana sha, yana lasar hannu. Har yau in na tuna sai barci ya ƙi. Na raba wa abokan aiki, na ce su dawo mani da ƙwallayen. Na ɗaure su a bakin zane na kai wa Ayuba na zube a gabanshi, na ce, "Ga abin da amininka ya bari."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Laraba, ina nan a kan bakana. Lokaci ya yi kusa."

Na ce, "Na ji. Wanda zai yi masu aure nake nema, hannun yaran nan bai faɗa ba."

Washegari na iske shi a rumfa yana wasa wuƙa, yana hawaye, yana mitar cewa duniya za ta tashi kafin su yi fure.

Har yanzu ban san wanda ya yi gaskiya a cikin su biyun ba, kuma na daina sa ran sani kafin in bi shi. Abin da aikin nan ya koya mani kaɗan ne. Mai renon itace ba ya zaɓen wanda zai zauna a inuwa, kuma duk wanda ya daɗe a aikin, ko me bakinshi ke faɗa game da gobe, hannunshi leda yake cikawa. Saiwar nan tana nan a rumfa, kada ku sauke ta. Duk wanda ya zo karɓar dashe, ku miƙa mashi reza ya yanka leda ɗaya a gabanku, a nan cikin nasari, kafin mota ta tashi. Da mun yi tunanin kiran mutanen ƙauyen can su zo su yanka leda a nan, da na ci tuwon nan da mai shi.